Na karanta littattafai da yawa, amma labarin kaɗai nake riƙewa

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai son adabi. Nakan cinye littafi a kwana biyu, amma in aka ce in yi sharhi, labarin kawai nake maimaitawa. Me ke sa mutum ya zama makaranci nagari?

Amsa: Malama, saurin nan shi ne matsalar. Karatun farko na jin daɗi ne, kada ki hana kanki shi. A karatu na biyu ake nazari, domin kin riga kin san ƙarshe, hankalinki zai koma kan yadda aka gina labarin.

Ki riƙe fensir, ki fara da tambaya ɗaya: wa ke ba da labarin? A Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, Alhaji Imam ne ke ba da labarin kansa. Duk abin da muka ji game da Malam Zurƙe daga bakin abokin hamayyarsa, wato Alhaji Imam, ya fito. Wanda ya lura da haka ba zai haɗiye kowace magana ba sai ya tauna. Sannan ki ja layi a ƙarƙashin kalma ko karin maganar da ta dawo sau uku ko fiye, galibi nan jigo yake ɓuya. In kin ce jigon littafi haƙuri ne, ki nuna shafin da ya tabbatar.

Waƙa kuwa, a ganina, nan aka fi tafka kuskure, domin ana karanta ta da ido kawai. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, amma gaɓar farko a na tuwo doguwa ce. Karin rubutacciyar waƙa a kan nauyin gaɓa yake tafiya, saboda haka in kin gajarta doguwa, ɗangon (wato layin waƙar) ya karye, ki ɗora wa mawaƙi laifin da ba nasa ba. Ki rera baitin da murya, ki sake. In waƙar mai ƙwar biyar ce, wato kowane baiti ɗango biyar, ɗango huɗu na farko suna da ƙaramin amsa-amo (sautin da suke ƙarewa da shi) mai sauyawa daga baiti zuwa baiti, na biyar yana ɗauke da babban amsa-amon da ke ratsa waƙar duka. Baiti biyar a zama ɗaya sun ishe ki.