Tambaya da Amsa: Tsohuwar Kwalbar Pinot Noir a Zafin Garwa

Tambaya: Ina aikin teburi a wani otel a Garwa. Wani baƙo ya ba mu ajiyar kwalbar giyar inabi, pinot noir ta 2015, wadda ya sayo a gonar da aka yi ta a Kalifoniya, zai buɗe bayan mako biyu. Ni ba na sha. Ina zan ajiye ta, kuma ta yaya zan gane ko ta lalace?

Amsa: Malam, abin tsoro a nan zafi ne, ya fi shekarun. Inabin pinot noir, wanda asalinsa yankin Burgundy ne a Faransa, ɓawonsa ba kauri, don haka giyarsa ba ta da juriya kamar ta cabernet, wani inabi mai kaurin ɓawo. A Kalifoniya ma wurare masu sanyi da hazo ake zaɓar masa, irin su Russian River da Carneros. Wajen ajiya, giyar tana son digiri 12 zuwa 14, a duhu, a kwance, don matoshin ya zauna a jiƙe. Garwa kuwa a Maris da Afrilu zafi kan kai 40, kuma kwana kaɗan a ɗakin ajiya mara sanyi ya isa ya dafa ta. Tunda mako biyu ne kawai, sa ta a ƙasan firji, nesa da albasa da kifi. Da watanni ne, da ba mu ba ka wannan shawara ba, saboda firji na busar da matoshi.

Tun yanzu duba wuyan kwalbar. Idan matoshin ya tuɗo sama, ko akwai danƙo a gefen baki, zafi ya riga ya taɓa ta a hanya. Nuna wa mai ita yau, kada ranar buɗewa laifi ya faɗo kanka.

Ana jibi za a buɗe, ka tsayar da ita a tsaye a cikin firjin don laka ta kwanta a gindi. Fito da ita kamar rabin awa kafin a zauna. Digiri 14 zuwa 16 ake so. Ja matoshin a hankali, tsoho yakan farfashe. Kada ka juye ta a wani mazubi ta jima tana shan iska, tsohuwar pinot ƙamshinta na saurin gudu.

Ido da hanci sun ishe ka. Karkata kofin a kan farin ƙyalle: sabuwa ja ce kamar zoɓo, mai shekaru kuwa gefenta ya ja zuwa launin jan bulo, kuma wannan ba aibi ba ne. Haka ƙamshin busassun 'ya'yan itace, naman kaza ko jiƙaƙƙen ganye, shi masu sha ke nema. Warin jiƙaƙƙen kwali na nufin matoshi ya ɓata ta. Launin ƙasa-ƙasa da warin ruwan khal kuwa iska ce ta shiga.

Ɗanɗano na mai kwalba ne. Zuba masa kaɗan, ka jira ya amince, sannan ka zuba wa sauran, kada ya wuce sulusin kofi. Mililita 750 na ba da kofi 5, amma ka bar na ƙarshe a gindi tare da lakar.