Tambayi likita: Na baro sanyin Jos, zafin Sakkwato na neman kayar da ni

Wasiƙun wannan mako sun fito ne daga mutanen da aiki, aure ko karatu ya raba su da gari mai sanyi, ya kai su gari mai zafi.

Tambaya: Likita, an yi mini canjin wurin aiki daga Jos zuwa Sakkwato a farkon Afrilu. Tun da na zo nake fama da ciwon kai da kasala, in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni. Na sha maganin maleriya da na taifot daga kemis, shiru. Ko garin ne bai karɓe ni ba?

Amsa: Sannu, Malam. Ka sauka Sakkwato ne a tsakiyar bazara. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa take da sanyi, Sakkwato kuwa a Afrilu da Mayu zafinta kan haura digiri 40. Jiki na buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba. A cikin waɗannan kwanaki ruwan jini yana ƙaruwa, gumi ya riƙa fitowa da wuri, gishirin da ke fita a cikinsa kuma ya ragu. Kafin hakan ta kankama, abin da kake ji shi ake ji.

Kada ka jira ƙishirwa kafin ka sha ruwa. Fitsarinka zai gaya maka gaskiya: in ya yi duhu kamar ruwan shayi kuma kaɗan ne, jikinka ya bushe. Ranar da ka yi gumi sosai, ko ƙafa ta riƙa ɗaurewa, haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka dubi yadda mutanen garin ke yi, su gama aiki mai nauyi da hantsi, su nemi inuwa daga azahar zuwa la'asar. Babbar riga mai haske ta auduga ta fi matsattsen kaya.

Maganin da ka sha ba gwaji shi ya fi damuna. Ka je asibiti a gwada jininka, domin maleriya ma na kawo irin wannan, amma kada a ƙara ɗura wa jiki magani da ka. Kuma ka riƙe wannan: duk wanda rana ta buga har ya fara sambatu ko ya suma, jikinsa zau, a kai shi inuwa, a rage masa kaya, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a garzaya asibiti. Farasitamol ba ya saukar da irin wannan zafi.

Tambaya: Mun taso daga Gembu da ke tsaunin Mambila zuwa Yola, jaririna wata 4. Surukata ta ce in riƙa ba shi ruwa saboda zafi. Ga ƙuraje sun feso masa a wuya.

Amsa: Malama, Hajiya tausayin jikanta take ji, amma kada a ba shi ruwa sai ya cika wata 6. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Ruwa zai cika masa ciki ya rage tsotso, yana iya kawo gudawa kuma. Ki ƙara yawan shayarwa, ke ki sha ruwan. In yana jiƙa nafkin kamar sau 6 a yini, ya wadatu. In maɗigarsa ta faɗa, ko ya ƙi kama nono, ko fitsari ya ɗauke, asibiti nan take. Ƙurajen na zufa ne: a cire hula da safa da lulluɓin da aka saba a Mambila, a yi masa wanka, a bar fatar ta sha iska, a daina shafa mai mai kauri.

Tambaya: Na ɗauko mahaifina daga Jos ya dawo wurina Maiduguri. Yana da hawan jini da ciwon suga, yana allurar insulin, ga yawan ɗauke wutar lantarki a nan.

Amsa: Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba Baba lafiya. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri, saboda haka ku riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba, sai dai in likitansa ya ƙayyade masa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, in zafi ya haɗu da su jini kan sauka har mutum ya faɗi. Kada ku dakatar da magani da kanku. Ku kai shi a auna, a duba ko za a sauya adadin. Zafi yana kashe ƙarfin insulin. Kwalbar da aka buɗe tana yin kamar mako 4 in zafin wurin bai kai digiri 30 ba. In babu firij, a sa ta a roba mai murfi, a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Kada a bar ta a mota, kada kuma ta daskare. Lemon kwalba da zoɓo mai sukari ba na Baba ba ne.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, na zo Kano daga Bukur. Mu shida ke kwana ɗaki guda. An ce zafi ke kawo sanƙarau, gaskiya ne?

Amsa: Ƙwayar cuta ke kawo shi, ɗana, ta hanyar tari, atishawa da numfashi. Busasshiyar iska da ƙura suna raunata hanci da maƙogwaro, cunkoson ɗaki kuma ya sauƙaƙa yaɗuwa, shi ya sa yake tashi daga hunturu zuwa bazara. Ku buɗe tagogi, in da tsaro ku kwana a tsakar gida cikin gidan sauro. A 2024 Najeriya ta fara amfani da sabon rigakafi mai kare nau'i 5 na ƙwayar, ka tambaya a asibitin makarantarku. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba a kwana da su, ko cikin dare ne a tafi asibiti.