Zuwa ganin likita a Boston lokacin korona

Hajiya, kina tambaya ko sai kin killace kanki kwana 14 in kika shiga jihar Masachusets ta Amurka, inda birnin Boston yake, don ganin likitan zuciya. A'a, ba dole ba ne. Dokar killace matafiya da ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2020 ta daina aiki a 2021, kuma ko a lokacin ta ɗauke wa majinyacin da ya zo ganin ƙwararren likita killacewa, har da mai rakiyarsa.

A lokacin ya kamata dai a riƙe takardar asibitin a jaka, don tarar karya dokar dala 500 ce kullum. Inda na ga mutane sun sha wuya shi ne komawa gida: a lokacin wasu jihohin na da tasu dokar, kuma ba lallai su yi wa mutum wannan sassauci ba. Ki tuntuɓi ma'aikatar lafiyarku tun kafin ki yanki tikiti.