Kaki ko farar riga: amsar kawu daga Accra ga mai son tuƙin jirgin sama

Ɗana, saƙonka ya iso, mahaifiyarka ma ta kira ni a kan maganar. Ka tambayi wa ya fi samun kuɗi da jin daɗin rayuwa tsakanin matuƙin jirgin fasinja da matuƙin jirgin soja, ka kuma ce ko ka taho nan Accra wurina ka nemi hanya, tunda an ce maka al'amura sun fi tafiya daidai a Ghana. Na zaɓi in amsa a fili saboda na san irinka suna da yawa a Zariya, yaran da suka tashi suna ɗaga kai duk lokacin da ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Palladan suka gifta ta saman gida.

Ka san ni ba matuƙi ba ne. Aikina a ƙasa yake, a ofishin da ake shirya tashin jirgi: lissafin mai, nauyin kaya da fasinja, rahoton yanayi, da takardar da kyaftin zai sa wa hannu kafin a rufe ƙofa. Amma da su nake wuni, masu kaki a da da waɗanda ba su taɓa sa shi ba.

In albashi tsagwaronsa kake tambaya, amsar ba ta da wuya. Kyaftin ɗin jirgin fasinja da ya daɗe a kan kujerar hagu, wato kujerar shugaban matuƙa, ya fi hafsan sojan sama samun kuɗi, a Najeriya, a Ghana, har a Amurka. A can ma tazarar ta fi fitowa: matsakaicin abin da matuƙin kamfanin jirgin fasinja ke samu ya haura dala 200,000 a shekara, shi ya sa rundunar sojan samansu take ɗaure matuƙinta da wa'adin shekara 10 bayan ya gama horo, sannan ta biyo shi da kuɗin lallashi don kada ya tuɓe kaki. To amma wannan lissafin na mutumin da ya riga ya isa ne. Kai kana bakin hanya, kuma abin da ya shafe ka shi ne wa zai biya maka awannin da za ka yi a sama kafin wani ya yarda ya biya ka.

Awanni su ne jarin matuƙi. Lasisin da ke ba ka damar karɓar albashi, CPL, ana samunsa da awa 200 ko kusa da haka. Babban lasisi, ATPL, wanda sai da shi ake zama kyaftin a jirgin fasinja, yana buƙatar awa 1,500. Tsakanin 200 da 1,500 ɗin nan ne mutane suke maƙalewa, kuma ba wanda ke ɗaukar hoton wannan wurin ya sa a Facebook. Makaranta, ko ta Zariya da aka kafa tun 1964, ko ta Ilorin, ko ta Afirka ta Kudu da yaranmu ke yawan zuwa, za ta karɓi miliyoyinka ta sallame ka a kan 200. Daga nan kamfani zai tambaye ka takardar ƙwarewa a kan samfurin jirginsa, Boeing 737 ne ko Embraer ko Dash 8, ita ma kuɗi ce daban, kuma da dala ake biya. Tun da aka saki naira a 2023 ka san abin da dala take nufi a gidanku.

Akwai wani yaro da muke aiki tebur ɗaya. Yana da CPL ɗinsa cif, littafin awanninsa yana cikin jakarsa kullum, an naɗe shi a leda don kada ruwan damina ya taɓa shi a tiro-tiro, motar hayarmu ta nan. Shi ne yake buga wa matuƙa takardar tafiya da asuba, ya miƙa wa wani sa'ansa da Allah ya ba sa'a ya samu kujerar dama, ta mataimakin kyaftin. Duk shekara daga ɗan albashinsa yake cire kuɗin sabunta gwajin lafiya da na tuƙi da na'ura, don kada takardun su mutu a hannunsa. Mahaifinsa fili ya sayar. Ba na cewa ba zai samu ba, yaron kirki ne, ina masa addu'a. Amma duk wanda zai ba ka labarin albashin kyaftin bai ba ka labarin wannan yaron ba, rabin zance ya gaya maka.

Soja kuwa shi zai biya komai. In ka samu NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, aka ware ka ɓangaren sojan sama, ka ci gwajin lafiya da na zaɓen matuƙa, gwamnati ce za ta sa ka a jirgin koyo a Kaduna, ta wuce da kai Kano kan jirgin L-39, wani ma a kai shi ƙasar waje, kana karɓar kuɗi a duk tsawon lokacin. Ga ɗan talaka babu wata ƙofa da ta kai wannan faɗi. Sai dai ka lura da yawan sharuɗɗan da na jero. Ba duk wanda ya shiga sojan sama ke tuƙi ba. Akwai injiniyoyi, akwai masu kula da zirga-zirgar jirage, akwai masu gadin sansani, akwai ma'aikatan ofis, kuma ba kai za ka zaɓa ba. Ko tuƙin ka samu, ba kai za ka ce jirgin yaƙi ko na dakon kaya ko mai saukar ungulu ba.

Albashin soja na muƙami ne. Kai da abokin karatunka da aka kai ofishin kuɗi ma'auninku ɗaya, sai alawus na tashi da za a ɗora maka. Abin da ke cike giɓin shi ne gida a bariki, asibiti, makarantar yara, da fansho, wanda tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin karo-karo aka bar musu nasu. Ƙarshen wata ba ya zuwa da fargaba. Ga wanda ya taɓa aiki a kamfanin da albashi ke yin wata biyu a hanya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Su kamfanonin jiragen yankinmu ba su da tsawon rai, wannan kuma ba sai an ba ka labari ba. Nigeria Airways ta tsaya a 2003, tsofaffin ma'aikatanta suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu. Ina Okada, ina Chanchangi, ina Bellview? Arik da ta fi kowa girma sai da hukumar karɓo basussuka ta AMCON ta karɓe ta a 2017. Nan Ghana ma kanwar ja ce: Ghana Airways ta tafi, Ghana International Airlines da ta gaje ta ta tsaya a 2010, Antrak da Starbow suka bi bayansu. Waɗanda suka riƙe zirga-zirgar Kumasi da Tamale da Takoradi a 'yan shekarun nan su ne Africa World Airlines, da ta fara a 2012, da PassionAir, da ta fara a 2018, kuma jiragensu ba su da yawan da za su kwashi ko 'yan ƙasar da ke jira. A 2020 da annobar korona ta sa aka rufe filin jirgin Accra ga jiragen fasinja na ƙasa da ƙasa daga Maris har farkon Satumba, na ga kyaftin-kyaftin masu furfura zaune a gida ana biyansu wani yanki na albashi, wasu ko hakan babu. Matuƙin soja a watannin nan albashinsa bai motsa ba. In kamfaninka ya mutu ka koma wani, sau da yawa a ƙasan layi za ka fara, don a wannan sana'a daɗewa a kamfani ita ke raba hutu da rosta, wato jadawalin aiki, da ƙarin girma.

Yanzu abin da soja ke karɓa a madadin kuɗinsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba za ka gama horo ka ce ka gode ka tafi Air Peace ba. Sai an sallame ka, kuma ba a gaggawar sallamar wanda aka kashe wa wannan dukiya. Inda aka tura ka nan za ka zauna, Maiduguri ko Kainji ko Makurdi ko Katsina, matarka ta bi ka ko ta zauna gidan iyayenta. Ka tuna 2021 kaɗai: a Fabrairu jirgin soja samfurin King Air ya faɗi a Abuja da mutum 7, a Mayu wani ya faɗi a Kaduna da Janar Ibrahim Attahiru da wasu mutum 10, a Yuli 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a Zamfara, matuƙin, Abayomi Dairo, ya yi tsalle da lema ya tsira da ƙyar. Mu ma nan ranar 6 ga Agustan 2025 jirgi mai saukar ungulu na sojan sama ya faɗi a hanyar Obuasi da mutum 8, ciki har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed. Duk Zango, unguwanninmu na Hausawa a nan, ta girgiza. Sunayen ministocin kowa ya riƙe, amma uku daga cikin takwas ɗin ma'aikatan jirgin ne, samari masu ƙananan iyali. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa yara ba, ni kuwa a wurina ya fi haɗarin nauyi. Jirgin yaƙi don kisa aka ƙera shi. Wata rana za a ba ka wuri a taswira a ce ka saki bam, kuma bayanan da aka ba ka suna iya zama kuskure, kamar yadda ya faru a Rann a Janairun 2017, inda aka jefa wa sansanin 'yan gudun hijira. Wanda ya shiga don kare ƙasarsa, ya san da wannan, ya ɗauka, ina girmama shi matuƙa. Wanda ya shiga don ya samu awanni kyauta ya tsallaka kamfani, ban ga da me zai riƙe zuciyarsa a irin wannan rana ba.

Tsallakawar ma ba kai tsaye take ba. Fukafukin da soja ya maƙala maka a ƙirji ba lasisin farar hula ba ne, sai ka zauna jarrabawar hukumar sufurin sama kamar kowa. Matuƙin jirgin yaƙi tashinsa gajere ne, awanninsa ba sa taruwa da sauri, kuma ya saba shi kaɗai a kujera, alhali jirgin fasinja aikin mutum biyu ne. Waɗanda na ga sun fi saurin zama daram su ne na jiragen dakon kaya da jigila, masu C-130 da ATR a Najeriya, masu C-295 a nan. Masu saukar ungulu kuma kasuwarsu tana wurin mai, Fatakwal, da Takoradi tun da aka fara haƙo a rijiyar Jubilee a 2010. (Akwai hanya ta uku da wani matuƙin sojan saman Ghana ya bi, Jerry Rawlings, wanda ya tashi daga jirgi ya faɗa fadar gwamnati a 1979, ya sake a 1981. Wannan ba na ba ka shawararta.)

Rayuwar mai farar riga fa? Jirgin farko na Kumasi ko Tamale da sassafe yake tashi, don haka kafin a kira assalatu a masallatan Nima motar kamfani ta riga ta ɗauko shi. Accra zuwa Kumasi bai cika minti 40 ba, Tamale da Legas kamar awa guda-guda, sai ya yi sawu huɗu ko fiye a wuni, kowanne da tashinsa da saukarsa. Doka ta kayyade masa kusan awa 100 a wata, 900 zuwa 1,000 a shekara gwargwadon ƙasa, amma wannan na cikin iska ne kawai, ban da zaman jira. Ranar Sallah ranar aiki ce, Juma'a sai wadda rosta ta bar masa, azumi kuma da shi ake tashi. Duk wata shida sai ya shiga na'urar kwaikwayon tuƙi an kashe masa inji ɗaya an ga yadda zai yi, duk shekara likita ya auna shi. Ciwon suga ko hawan jini ko ido na iya raba shi da sana'ar rana ɗaya, in kuma lafiya ta riƙe, shekara 65 ce iyaka.

Amma yana da abin da soja ba shi da shi. Lokacin hunturu, in hazo ya rufe Tamale, nakan kai wa kyaftin rahoton nisan gani. Sai ya duba, ya ajiye biro, ya ce ba ya tashi. Fasinjoji su yi ta hayaniya a zauren jira, manaja ya yi ta safa da marwa da waya a kunne, amma ba mai iya tilasta shi, doka tana bayansa. In kamfani ya ishe shi, ya rubuta takarda ya tafi. In ya tara dubban awanni a kan jet, Emirates da Qatar Airways suna ɗauka, albashi ba haraji, ga gida. Yawancin manyan kyaftin ɗin da kake jin labarin dukiyarsu can suka yi ta, bayan shekaru goma sha na haƙuri.

Batun zuwa Accra kuwa, gidana gidanka ne, ka zo hutu ka sha kokon Zango da ƙosai. Fasfon ECOWAS zai ba ka kwana 90 ba biza, amma ba zai ba ka izinin aiki ba, lasisin Najeriya kuma sai hukumar sufurin saman Ghana ta tantance shi. Sojan Ghana sai ɗan ƙasa. Za ka haɗu da wanda zai ce maka a Zango kowa Hausa yake ji, zai yi maka katin ɗan ƙasa a ce a Mamobi aka haife ka. Kada ka ko tsaya sauraronsa. Aikin jirgi aikin bincike ne, takardar ƙarya ɗaya ta isa ta hana ka kusantar filin jirgi har abada.

Ra'ayina, tunda ka tambaya: kada a sayar da gonar mahaifinka don CPL, sai in akwai kuɗin mataki na gaba a ajiye, ko gurbin tallafin gwamnatin jiha, ko kamfanin da ya ɗauki nauyinka a rubuce. In kana jin za ka iya zama soja ko da ba a ba ka jirgi ba, cike fom ɗin NDA bana, don ƙofarsu tana rufewa da zarar ka ɗan haura ashirin. In jirgin kaɗai kake so, yi digirinka, injiniyanci ya fi, ka shigo harkar ta ƙasa kana tara kuɗi da sanin mutane.

Kafin duk wannan, ka nemi likitan da hukumar sufurin saman Najeriya, NCAA, ta amince da shi ya yi maka gwajin lafiya na aji ɗaya. Ka ce ya fara da gwajin bambance launi, don na tuna kakanka na wajen uwa bai taɓa raba ja da kore daidai ba, abin kuma ta jinin uwa yake bin 'ya'ya maza. Kuɗin gwajin ni zan turo. In sakamakon ya fito ka kira ni da dare bayan isha'i, lokacin na sauka daga aiki. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.