Injin Huda Marar Burushi da Batirinsa: Shin Ya Cancanci Kuɗinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni kafinta ne a Panteka, nan Kaduna. Ina son sayen injin huda mai batir saboda rashin tsayuwar wuta, amma na tarar wanda ake kira marar burushi ya fi tsada. Mene ne bambancinsu? Kuma batir mai 20V ya fi mai 18V ƙarfi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A cikin injin da aka saba da shi akwai 'yan guntayen kabon guda biyu, su ne burushin, waɗanda ke manne da wani zoben jan ƙarfe suna miƙa wuta ga naɗin wayar da ke juyawa. Tartsatsin da kake hangowa ta ramukan iska, da ƙaurin da ke tashi idan aiki ya yi nauyi, duk daga wannan gogayya suke, kuma ita ce ke cinye kabon ɗin tana mayar da wani kaso na cajin batir zafi.

A marar burushi an juya tsarin ne. Naɗin wayar yana tsaye, maganaɗisu ne ke juyawa, sannan wani ƙaramin allon lantarki ke raba wa naɗin wuta bi da bi, yana ƙara ta ko rage ta gwargwadon taurin katakon da ake hudawa. Saboda haka injin bai cika zafi ba, caji ɗaya yana kai shi nesa, kuma babu kabon da za a canza. Sai dai akwai inda gizo ke saƙar: burushi idan ya cinye, kowane mai gyara a Panteka zai musanya maka shi da kuɗi kaɗan, amma allon nan idan ya ƙone, sau da yawa sai an sauya shi ɗungurungum, in ma an samu. A ganina, mai ɗaure ƙofofi da kabad tun safe har yamma ya sayi marar burushi, wanda kuwa sai jefi-jefi yake huda, mai burushin ya ishe shi.

Batun 18V da 20V kuwa, duk kanwar ja ce. Idan ka buɗe batirin za ka ga ƙwayoyin litiyam biyar jere, kowace tana ba da kimanin 3.6V, jimla 18V ke nan; lokacin da aka sauke shi daga caja yakan nuna wajen 20V kafin a fara aiki. Shi ya sa kamfanin DeWalt ke rubuta 20V Max a Amurka, alhali irin wannan batirin 18V ake rubuta masa a Turai. Waɗanda ake tallatawa da 88V ko 128V a farashi mai rahusa kuwa, rubutu ne kawai a jikin roba.

Lambar da ya kamata ka duba ita ce ta Ah, domin ita ke nuna yawan cajin da batir ke ɗauka. Mai 2Ah yawanci ƙwayoyi biyar gare shi, mai 5Ah kuma goma ne a sahu biyu, don haka ya fi daɗewa, ya fi jure aiki mai nauyi, ya kuma fi nauyi a hannu. Ka auna shi a tafinka kafin ka biya, batirin da aka rubuta wa 5Ah amma ya yi sakayau abin tuhuma ne. Ka sani kuma cewa batirin Makita ba ya shiga injin Bosch ko Milwaukee, saboda haka kamfanin da ka fara da shi ne zai riƙe ka idan ka tashi ƙara zarto ko injin goge katako.

Zafi ne babban makashin batirin litiyam, musamman a watannin Maris da Afrilu. Kada ka bar shi a rana ko ƙarƙashin rufin kwano mai zafi, kuma idan ka cire shi daga aiki da ɗumi, ka bari ya huce kafin ka ɗora a caja. Idan zai daɗe a ajiye, ka bar masa kamar rabin caji. Injin gwanjo da ya fito daga Amurka kuma, ka karanta bayan cajarsa da kyau, domin yawancinsu na 120V ne, wutarmu kuwa 230V ce; in ka jona kai tsaye ba tare da taransifomar rage wuta ba, nan take za ta ƙone.