Iya Word ba shi ne aikin ba, hotuna ne ke tona asiri

Ƙanena, saƙonka ya iso kuma irinsa nake samu kullum daga gida, wai ka gama difloma, ka iya Word sosai, in nemo maka aikin rubuta jagorar manhaja a nan Jamus irin wanda nake yi. To bari in faɗa maka tun kafin ka sa Baba ya sayar da gona, iya Word ɗin nan kowa ya iya shi a nan, ba wanda zai ba ka albashi a kansa.

Aikin shi ne a ɗauki takardar da aka rubuta a Word ko FrameMaker (wata manhajar rubuta manyan takardu) a juya ta ta koma shafin taimako, wanda mutum ke danna F1 ya gani, ko a tsohon tsarin CHM na Microsoft ko a shafin yanar gizo na HTML5 da manhajojin juyawa irin su RoboHelp da MadCap Flare ke fitarwa. Rubutu yawanci lafiya lau yake wucewa, hotuna ne ke lalacewa. Kamfanin da na fara aiki, an miƙo min takardun da wani ya bari, aka juya su hotuna suka fito a dushe ba ka iya karanta abin da ke kan maɓalli, shugaban sashe ya tsaya a gaban kowa yana tambaya ko a ƙasarmu ba a ganin bambancin hoto mai kyau da marar kyau, wallahi har yau in na tuna raina yana ɓaci. Kuma ni ɗin dai na gano matsalar na gyara musu, yanzu sababbin ma'aikata wajena ake turo su.

Ga abin da ke faruwa. In ka ja kusurwar hoto ka rage shi a Word, kayan juyawa da yawa girman da yake a shafi suke ɗauka, su lissafa da fiksel (ɗigon hoto) 96 a kowane inci, wato hoto mai faɗin inci 6 ya koma fiksel 576 kawai, duk sauran an zubar, a buɗe shi a babban allo ko waya mai kaifin allo sai ka ga hazo. Shi kansa Word yana matse hotuna zuwa fiksel 220 a kowane inci tun wajen ajiyewa sai in ka shiga Options, Advanced ka hana shi. Don haka kada ka taɓa dogara da hoton da aka manna cikin takarda, ka ajiye na asali a folda daban ka haɗa shafin da shi. In na asali ya ɓata, fayil ɗin docx zip ne, canza ƙarshen sunansa zuwa .zip ka buɗe, hotunan suna cikin word/media.

Hoton allo PNG ake yi masa, JPEG yana ɓata gefen haruffa, zane kuma SVG. Girma a CSS, wato dokokin da ke tsara fasalin shafi, ake saita shi, max-width 100% da height auto, kada ka rubuta faɗi da tsawo da hannu hoto ya miƙe ko ya fita daga allon waya. Ka kuma duba ko girman nunin allo a Windows ɗinka na kan 100% ko 150% kafin ɗaukar hoton allo, in ba haka ba hotunan shafi ɗaya za su bambanta.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne yanka hoto a Word, abin da ka yanke yana nan a ɓoye bai tafi ba, a juya takarda sai sunan kwastoma ko lambar asusunsa ta bayyana, kuma tun 2018 da dokar kare bayanan mutane ta GDPR ta fara aiki Turai ba ta wasa da wannan, aiki ake rasawa a kai.

Sannan Jamusanci, ka fara koyo tun yanzu, yawancin jagorar da Jamusanci ake rubuta ta. Ka zaɓi manhaja ɗaya da ka sani, ka rubuta shafi biyar da hotuna, ka juya su HTML ka turo min in buɗe a waya da kwamfuta, in sun fito fes sai mu yi maganar biza. Ka gaida su Inna.