Amsoshin Tambayoyinku: Masu Son Zama Masu Gidan Haya a Ikko

Daga wani ɗan canji: "Na gama ginin ɗakuna huɗu a Ikorodu. Zan iya cewa sai wanda ya biya hayar shekara biyu zan ba makulli?"

A'a, Alhaji. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar abin da ya wuce na shekara guda daga sabon ɗan haya. Na san za ka ce kowa na yi. To, ranar da rigima ta kai ku kotu, kai kaɗai za a kira. Unguwanni huɗu ne dokar ta ware ba ta shafe su ba, Apapa, Ikoyi, Victoria Island da GRA ta Ikeja, babu Ikorodu a ciki.

Daga wani mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12: "Shekara tara ina tara kuɗi. Wani ɗan garinmu ya kai ni wani fili bayan Badagry, na wani dangi ne, da araha. Sun ce in biya su ba ni rasit, takardu daga baya. Mutumin nan tare muke sallah. In biya?"

Ɗan'uwa, mayar da hannunka aljihu tukuna. Wannan tambayar ta fi kowace zuwa mini, kuma kullum da wannan wutsiyar: tare muke sallah, garinmu ɗaya. Ban ce ɗan garinku macuci ba ne. Amma shi ma abin da aka faɗa masa ya faɗa maka, kuma la'adarsa tana fitowa ne in ka biya, ko filin ya tabbata ko bai tabbata ba.

A gida mun saba a kira mai unguwa da shaidu, a yi ciniki, a shafa fatiha, magana ta ƙare. Ikko ba haka take ba. Ba ka taɓa lura da gidajen da aka rubuta wa jan fenti a bango cewa ba na sayarwa ba ne? Masu su ba ado suke yi ba, tsoro suke kada wani ya sayar da gidan suna ciki suna barci. Akwai wani dattijo da ya taɓa zuwa wurina da rasit a naɗe cikin leda, an dangwala masa yatsu har biyar, yana lallaɓa shi kamar ƙwai. Da ya je kai bulo, sai ya tarar wani ya ja katanga har ya kafa ƙofar ƙarfe, shi ma da nasa rasit ɗin daga wani ɓangare na dangin. Kuɗin aikin Hajjinsa ne ya tafi.

Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, filayen jiha suna hannun gwamna ne. Wurare da dama a gefen Legas gwamnati ta riga ta karɓe su, sai ɓangaren da ta sakar wa ƙauyuka ta buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Idan filinka bai faɗa cikin abin da aka saki ba, ko dangin duka sun rantse maka, ranar da katafila ta zo babu mai tare ta. Saboda haka ka ɗauki safiyo naka na kanka, mai rajista, ya auna filin, a kai awon ofishin babban safiyo na jiha a duba matsayinsa. Ka ɗauki lauya, shi ma naka, ba wanda masu sayarwa suka kawo ba, ya je ma'aikatar filaye a Alausa ya yi bincike. In akwai si-of-o, wato takardar shaidar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa, a tabbatar sunan wa ke kai da ko an jinginar da ita a banki, sannan bayan ciniki a nemi amincewar gwamna a kan canjin hannu. In kuwa filin gado ne na dangi, sai shugaban gidan da manyan 'ya'yan gidan sun sa hannu tare. Sa hannun wani saurayi mai babbar murya ba ya sayar da filin kakanni.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutum zai kwashe guminsa na shekara tara ya miƙa a yini ɗaya, amma kuɗin lauya ne yake gani asara. Wai araha. Ai araha ba ta ado. Kuma ka sa a lissafinka cewa 'yan omo onile, masu iƙirarin filin na kakanninsu ne, na nan tafe da neman kuɗi: kuɗin harsashi, kuɗin katanga, kuɗin zuba dekin, kuɗin rufi. An yi dokar hana ƙwacen filaye a 2016, ta rage wani abu, amma har yanzu wanda ya sayi fili ya bar shi fili tsirara shekara uku yana neman magana. In ba ka da kuɗin zagaye shi nan take, ba ka shirya saye ba.

Abu na ƙarshe, je ka ga wurin a watan Yuni ko Yuli bayan an tafka ruwa. Filin da ka gani a bushe da rani, wani sai da kwalekwale. Kuɗin cikon yashi da harsashi a fadama kan ninka abin da ka yi tsammani.

Daga wani mai gida a Idi-Araba: "Ɗan hayata ya yi wata biyar bai biya ba. In cire ƙofar ɗakin ko in kwance kwanon?"

Haba Malam! Ka cire ƙofa, kai za ka kwana a ofishin 'yan sanda, shi yana kwance a ɗakinka. Ba shi notis a rubuce: mai biyan wata-wata wata guda, mai biyan shekara wata shida, sai in yarjejeniyarku ta faɗi wani abu daban. Bayan nan notis na kwana 7, sannan kotu. Kana ma da yarjejeniyar a rubuce? Na san amsar.

Daga wata baiwar Allah a Agege: "Maigidana ya rasu ya bar mana gida mai ɗaki takwas, duk da 'yan haya. Ban taɓa karɓar haya ba. Ina tsoron su raina ni, ko dangi su ce na ci dukiyar marayu. Ba na iya barci."

Allah Ya jiƙansa, Ya ba ki haƙuri, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, mata da yawa a Agege suna riƙe da gidaje fiye da naki, kuma ba boko suka yi ba. Fara da rabon gado a gaban malamai da shaidu, a rubuta kason kowa, ko da ba za a sayar da gidan ba. Wannan takardar ce za ta rufe bakin masu magana.

Sannan ki tara 'yan hayar, ki sa wani babba cikin dangi ya zauna kusa da ke, a sabunta yarjejeniya da kowa. Ki sayi littafin rasit da babban littafi guda, duk abin da ya shigo da wanda ya fita ki rubuta, har kuɗin kwasar shara. A riƙa biya ta asusun banki, kada ki karɓa a hannu a tsakar gida. In wutar lantarkin gidan na kan bil ɗin ƙiyasi, ki nemi mita mai kati, don rabin faɗan gidan haya a kan wuta ake yin sa. Ki bincika ko marigayi ya bar bashin harajin gida na shekara-shekara da jiha ke karɓa.

Kuma kada ki ɗauki hayar duka a matsayin riba. Duk wata ki ware wani abu gefe, don sokawe zai cika, kwano zai yi yoyo, famfon rijiya zai ƙone, kuma ba sa sallama kafin su zo. Idan kin tara su ɗin, ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare.